Takos ɗin Yamai ba na Meksiko ba ne

Duk ƙarshen mako sai ka ga samari ƴan boko sun haɗa kuɗi, sun bar Zongo sun nufi gidajen abinci na Filato, wai za su ɗanɗana girkin Meksiko. Abin da ake miƙa musu da sunan takos kuwa, fallen alkama ne da aka cusa wa nama, soyayyen dankali da narkakken cuku. A kewayen Liyon ta Faransa aka ƙirƙiro shi. Na Meksiko da masara ake yi, wadda ake dafawa da farar ƙasa kafin a niƙa. Girkin gargajiyar ƙasar ne UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam a 2010.

Alhali Meksiko ta daɗe da yada zango a Zongo. Masarar da ake gasawa bakin titi, can aka fara nomanta. Barkonon yajin kilishi daga nahiyarsu ya ƙetaro, kalmar tumatir ma asalinta harshen Aztek ne. Wane malami ke faɗar wannan a aji? An bar ɗalibi yana sayen abincin Faransa da sunan Meksiko, ya dawo yana raina mai tsiren ƙofar gidansu.