Ilimin Manhaja Na Kyauta: Wanne Ya Fi Dacewa Da Buƙatar Ɗan Kasuwa?

Babu ɗan kasuwar da zai manta da abin da ya faru a farkon shekarar 2023, lokacin da sauya fasalin Naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi a duk faɗin ƙasar nan. Jama'a suka yi tururuwa wajen tura kuɗi ta waya, sai ga shi manhajojin bankuna da dama sun kasa ɗaukar nauyin. A cire kuɗi daga asusun mai saye, su ƙi isa ga mai sayarwa, a yini ana cacar baki a ƙofar shago. Abin da ya gaza a wancan lokaci shi ne ɓangaren manhaja wanda ido ba ya gani, wato bayan fage, inda babbar kwamfuta take karɓar buƙatar mutum, ta duba rumbun bayanai, ta tabbatar da cewa shi ne mai asusun, sa'an nan ta rubuta cinikin.

Masu iya wannan aiki kuwa ba su wadata ba, kuma horar da su yana da tsada. Akasarin kwasa-kwasan ƙasashen waje da dala ake biyansu, ga shi dalar da ba ta kai Naira 500 ba a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da nufin horar da matasa miliyan 3 kan fasahar zamani, amma ɗan kasuwar da ke buƙatar ma'aikaci a bana ba zai naɗe hannu yana jiran gwamnati ba. Wannan ne ya sa ya kamata a dubi darussan da ake bayarwa kyauta a intanet, waɗanda masu su suka buɗe tushensu domin kowa ya karanta, ya kwafa, har ma ya ba da gyara. Suna da yawa, kuma kowanne da irin ɗalibin da aka tsara shi dominsa.

Na farko shi ne CS50 na Jami'ar Harvard da ke Amurka, wanda Farfesa David Malan yake koyarwa, aka kuma buɗe shi ga duniya tun 2012. Tun a makonnin farko yakan koyar da harshen C, inda ɗalibi zai ga yadda kwamfuta take ajiye bayanai a ƙwaƙwalwarta, daga nan ya wuce zuwa Python, da SQL na sarrafa rumbun bayanai, ya ƙare da gina ƙaramin shafin intanet. Akwai kuma ci gabansa mai suna CS50W wanda ya mai da hankali kan Django. Ƙarfinsa shi ne aza harsashi mai ƙwari, ga takardar shaida kyauta ga wanda ya kammala ayyukan. Rauninsa shi ne laccocin bidiyo ne masu tsawo da cin data, kuma wanda ya gama shi kaɗai bai kai a danƙa masa manhajar kamfani ba.

Na biyu shi ne freeCodeCamp, ƙungiyar sa kai da Quincy Larson ya kafa a 2014. Shi ne mafi sauƙin farawa, domin akasarin atisayensa a cikin shafin nasu ake yi, ana rubutawa ana ganin sakamako nan take, kuma shi ma yana ba da takardar shaida kyauta. To amma fa sauƙin nan yana da illarsa. Ɗalibin da ya saba ana riƙe masa hannu a kowane mataki yakan tsaya cik ranar da aka ba shi kwamfuta fayau aka ce ya fara aiki daga tushe.

Wannan giɓi ne The Odin Project, wanda aka fara a 2013, ya yi ƙoƙarin cikewa. Tun a makonnin farko yakan tilasta wa ɗalibi ya girka kayan aiki a kwamfutarsa, ya koyi Git, ya riƙa ajiye ayyukansa a GitHub kamar yadda ake yi a kamfanoni. Bayan darussan share fage, akwai hanyoyi biyu, ta Ruby on Rails da ta JavaScript. Karatu ne ya fi yawa a cikinsa, don haka bai cika cin data ba, sai dai yana buƙatar Turanci mai kyau da kwamfuta ta kai, ba a yin sa da wayar hannu. Ba ya ba da takardar shaida ko kaɗan. Ayyukan da ɗalibi ya gina su ne shaidarsa.

Na huɗu shi ne Full Stack Open na Jami'ar Helsinki da ke Finlan. Wannan ba na ɗan koyo ba ne, su kansu masu shi sun sharɗanta cewa sai wanda ya riga ya iya rubuta manhaja. Yana koyar da React da Node.js, da yadda ake gwada manhaja kafin a sake ta ga jama'a, da yadda ake tantance masu shiga. Kamfanin da ke da ma'aikaci mai ɗan sani, yake so ya ƙara masa ƙwarewa ba tare da kashe dala ba, da wuya ya sami abin da ya fi wannan.

Sai kuma batun algoridim, kalmar da ta samo asali daga sunan malamin lissafin nan na Bagadaza, Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya rayu a ƙarni na 9. Ma'anarta ita ce jerin matakan warware matsala, kuma tana da alaƙa kai tsaye da aljihun ɗan kasuwa. A ɗauka kamfani yana da sunayen abokan ciniki miliyan 1. Idan manhaja tana bin su ɗaya bayan ɗaya, za ta iya duba miliyan ɗin duka kafin ta sami wanda ake nema. Idan kuwa an jera sunayen, tana raba su biyu a kowane mataki, ba za ta wuce matakai 20 ba. Haka nan wajen jera su, hanya marar kyau za ta iya cin matakai kusan tiriliyan 1, alhali mai kyau kimanin miliyan 20 za ta ci. Tun da manyan kamfanonin da ke ba da hayar kwamfutoci a intanet da dala suke caji gwargwadon aikin da aka yi, rashin wannan sani asara ce da za a riƙa biya kowane wata.

A wannan fanni, kwas ɗin Jami'ar Princeton na Robert Sedgewick da Kevin Wayne, wanda ake bayarwa kyauta a Coursera da harshen Java, shi ya fi kusa da aikin yau da kullum. Darasi mai lamba 6.006 na cibiyar MIT ya fi zurfi, amma yana neman lissafi irin na jami'a. Littafin Jeff Erickson na Jami'ar Illinois, wanda ya fito a 2019, ana sauke shi sau ɗaya a karanta ba tare da data ba, sai dai shi ma ba a rubuta shi domin masu farawa ba. Shagon da ke da abokan ciniki ɗari biyar ba ya buƙatar wanda ya ƙure waɗannan darussa, amma mai harkar biyan kuɗi ko ta sufuri yana buƙatarsa.

Idan aka auna duka waɗannan, jerin da ya fi dacewa da wanda zai fara daga tushe shi ne CS50, sa'an nan The Odin Project ta hanyar JavaScript, domin harshe ɗaya ne da ke aiki a fuskar manhaja da bayan fage. Bayan ya fara aiki sai ya ɗora da Full Stack Open da kwas ɗin Princeton. Amfanin freeCodeCamp shi ne gwada sha'awar yaro na wata ɗaya ko biyu kafin a saya masa kwamfuta.

Duk da haka, kada kalmar kyauta ta ruɗi kowa, domin kowa ya ci zomo ya ci gudu. Manhajar karatu ta OSSU, wadda ta tattara irin waɗannan darussa daidai da digirin kimiyyar kwamfuta, ta ƙiyasta kimanin shekaru 2 ga mai ba da sa'o'i 20 a mako, wato sama da sa'o'i 2,000. Ga kuɗin kwamfuta, ga wutar lantarki, ga data wadda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara wa farashinta har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Uban da zai biya maƙudan kuɗi ga cibiyar da ta yi alkawarin fitar da gwani a makonni shida, gara ya sayi kwamfuta da farantin sola da waɗannan kuɗin.

Har ila yau, masu buɗe cibiyoyin horarwa su lura cewa lasisin CS50 da na MIT ya hana sayar da darussan domin riba. Littafin Erickson kuwa an yarda a buga shi, har a sayar, muddin an ambaci sunan marubucin.

Daga ƙarshe, masu ɗaukar ma'aikata su rage dogaro da takardar shaida. Manhajoji irin su ChatGPT suna iya rubuta wa ɗalibi atisayensa, saboda haka sai an gwada akan san na ƙwarai. A nemi mai neman aiki ya nuna abin da ya gina, ya bayyana yadda yake ɓoye kalmomin sirrin abokan ciniki, da abin da zai faru idan hanyar sadarwa ta yanke a tsakiyar biyan kuɗi. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tanadi tarar da za ta iya kai Naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, ga manyan masu riƙe bayanan jama'a da suka yi sakaci, kuma a kan kamfani tarar za ta faɗa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da majalisun ciniki na jihohi za su yi wa kansu alheri idan suka tanadi ɗakuna masu wuta da intanet, da gogaggen mutum ɗaya da zai riƙa duba ayyukan ɗalibai, tun da darussan kansu an riga an bayar da su kyauta.