Fasto Ne Ya Karɓe Ta, Ba Ni Ba

Lahadin da ta wuce na dawo daga sujada raina a ɓace, har maiɗakina ta tambaye ni da wa na yi faɗa. Na ce da wata jakar hannu.

Akwai wata yarinya a majami'armu, ba ta kai ashirin ba, a da tana cikin mawaƙa. Bara ta yi ciki ba aure. Aka tsayar da ita gaban jama'a, sakatare ya karanta sanarwa, aka sa ta a horo: ba waƙa, ba cin Jibin Ubangiji, zama kuma sai bencin baya, bakin ƙofa, inda masu makara ke raɓewa. Yaron da ya yi mata cikin ya tattara ya tafi Abuja wai neman aiki, sunansa ma ba a karanta ba. Ita kuwa ba ta fasa zuwa ba, har lokacin da cikin ya tsufa tana jan ƙafa, sai makonnin jego kaɗai. Ranar Lahadi fasto ya kira ta gaba, ya ce ta tuba, dattawa sun gamsu, horo ya ƙare. Ya yi addu'a, muka amsa amin har kwanon rufi ya ɗauka.

Ta juyo da jariri a kafaɗa tana neman wuri a ɓangaren mata. Akwai gurbi a benci na uku, da idona na gan shi. Tana matsowa, wata uwa cikin zanen zumuntar mata ta ɗauke jakarta daga cinya ta ajiye a gurbin, idonta na kan littafin waƙoƙi kamar ba ta ga kowa ba. Yarinyar ta tsaya jim, ta gyara wa ɗanta hula, ta wuce. Bencin baya ta koma, wannan karon ba tare da sanarwa ba.

Da aka tashi na tari uwar a waje, na gaishe ta, na ce, "Mama, ai an karɓe ta." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, fasto ne ya karɓe ta, ba ni ba. Ina da 'yan mata a gida."

Kada wani ya aiko mini da wasiƙa cewa ina ƙin horo. Bulus da kansa ya umarci Korintiyawa su fitar da mutumin da ke zama da matar ubansa. Amma Bulus ɗin nan, a sura ta 2 ta wasiƙarsa ta biyu zuwa gare su, ya ce hukuncin da aka yi wa wani mai laifi ya isa, a gafarta masa, a ta'azantar da shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Rabin farko mun haddace. Na biyun ne ba mu taɓa kaiwa ba.

Ku duba Bitrus. Shekara uku yana bin Almasihu, ya ci tare da shi, ya yi alkawarin mutuwa tare da shi. A daren da aka kama Yesu, yana jin ɗumin wuta a farfajiyar babban firist, wata baiwa mai tsaron ƙofa ta isa ta sa ya ce bai san shi ba. Sau uku, kafin zakara ya yi cara. In a majami'armu ne, shekara nawa za mu ba shi a bakin ƙofa? To, ku buɗe Yohanna 21. A bakin tekun Tibariya Yesu ya hura wata wutar, ya ɗora kifi, ga gurasa, ya fara ciyar da mutumin da ya yi musunsa kafin ya yi masa tambaya ko ɗaya. Tambayar ma sau uku ce kan abu guda, ko yana ƙaunarsa, sannan ya danƙa masa kiwon tumaki. Makonni kaɗan bayan haka, ranar Fentikos, Bitrus ne ya miƙe ya yi wa'azi, aka yi wa mutum wajen 3,000 baftisma. Tun 1932 Littafi Mai Tsarki cikakke yake hannunmu da Hausa, aikin da su Dokta Miller na Wusasa suka sha wahalarsa. Ba mu da hujjar cewa Turanci ne ya ɓoye mana labarin.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya: horonmu zunubin da ke fitowa a ciki kaɗai yake gani. Ma'ajin da kuɗin gini suka narke a hannunsa, a ofis ake sasantawa da shi. Dattijon da matarsa ke zuwa sujada da kumburarren ido, shi ke raba Jibi. Ga kuma kujerun gaba masu taushi da ake shimfiɗa wa ɗan siyasa ranar gidauniya, ba wanda ke tambayar inda ambulan ɗinsa ya fito. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na 'yar talaka. Wannan munafunci ne, sunansa ke nan. Muna alfahari da Fasto James Wuye na Kaduna, wanda ya rasa hannunsa a rikicin 1992, ya kuma zauna da Imam Ashafa suka gina aikin sulhu tare. Mu kuwa taku ɗaya na benci ya gagare mu.

Ni mai babatun nan fa? Ina zaune a ɓangaren maza, kusa da ni akwai wuri, na kalla har ta kai ƙofa ban motsa ba, ina tsoron abin da za a ce. Ni ma sai da na roƙi gafara daren nan.

Maiɗakina ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce Lahadi mai zuwa da sassafe za ta tafi ta kama gurbi biyu a benci na uku. Jakarta ita ma babba ce.