Jirgi ba zai kai kowa Magarya ba, kasuwa ce za ta tsara tafiya

Matasa da 'yan ci-rani masu shirin zagayen garuruwa kan fara da neman tikitin jirgi. A Magarya da Dungas wannan lissafin ba ya ci. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ta Kazaure da Daura da Katsina aka shata shi, kudancin Damagaram na gefe. Jirgin sama kuwa iyakarsa Kano ko birnin Damagaram, saura sai mota.

Don haka ranar kasuwa ya kamata a duba kafin ranar tashin jirgi. Mai dabara da hunturu zai zo: ya kwana Damagaram, ya ga fadar sarki a Birni, ya ci kilishi, ya gangara Magarya ya sha rake, ya ratsa Dungas ya tsallaka Maigatari ranar Alhamis, kasuwar dabbobi na ci.

Sauran aikin na hukumomi ne, su gyara hanyoyin da ke haɗa garuruwan nan. Kuɗin baƙo hannun direba da mahauci da mai fura yake faɗawa, kuma duk baƙon da ramuka suka kora, cinikinsu ya tafi da shi.