Kafin Ka Miƙa wa Yaro Makullin Babur da Damina

A ƙasar Funtua da Malumfashi, da kaka aka fi sayen babur. Manomi ya casa masara, ya kai waken soya kasuwar Dandume ko ta Bakori, kuɗi sun shigo hannu, sai ya tuna alkawarin da ya yi wa ɗansa ko ƙanensa. Wani ya sayi Boxer saboda hanyar gona, wani ya sayi roba-roba saboda makaranta da cefane. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, har ma'aikatan da suka saba da mota da yawansu sun jingine ta, sun koma kan ƙafa biyu. Koyon kuwa kowa ya san yadda ake yin sa. A je filin ƙwallon firamare da la'asar, aboki ya zauna a baya, a nuna wa mutum totur da giya da birki, ya yi ta zagaye har magariba. Kashegari ya hau titi, a ce ai ya iya.

Ya iya kam, amma a busasshiyar ƙasa. Daga Nuwamba har Afrilu bai taɓa jin tayar baya ta kufce masa ba, bai san yadda laka ke riƙe taya ba, bai taɓa tuƙi ruwa na dukan idonsa ba. Ra'ayina shi ne, wanda ya koyi babur da rani bai gama koyo ba sai damina guda ta wuce a kansa, kuma ragowar wannan karatu yana wuyan wanda ya saya ya miƙa makulli, uba ne ko wa ko maigida. Na yi shekaru ina aikin malamin gona, ina bin ƙauyukan Bakori da Danja da Kafur a kan babur, rani da damina. Abin da zan faɗa a nan daga hanya na samo shi, da kuma daga bakin tsofaffin 'yan acaɓa da bakanikai.

Babban abin da ke kayar da sabon hannu shi ne tsere da ruwa. Hadari ya haɗu a gabas, gari ya yi duhu, sai yaro ya cire hula ya cusa a aljihu, ya sunkuyar da kai, ya murɗe totur, wai zai riga ruwa zuwa gida. A daidai wannan lokaci iska ke tasowa da ƙura da leda da rassan itace, wani sa'in har da kwanon rufi. Kowa a titi sauri yake yi, mai mota da mai kura da awaki. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cinye kusan mita 17 cikin daƙiƙa guda, ke nan kafin mutum ya goge ido da bayan hannu ya riga ya wuce tsawon ƙofar gida da zaure. In kuma aka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata kafin ya tsayar da babur ninki huɗu yake zama. Sauri ya haifi nawa. Darasin farko da za a koya wa yaro shi ne ya tsaya. Ya raɓa a rumfar mai shayi, ko barandar masallaci, ko gidan mai, har ruwa ya tsagaita. Kada ya fake ƙarƙashin itace ɗaya tilo a tsakiyar gona, don tsawa irin wannan wurin take nema.

Da yawa suna zaton ruwa mai ƙarfi ya fi sa kwalta santsi. Yayyafin farko ya fi shi mugunta, musamman bayan an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Baƙin mai da dizal da ƙura da suka taru a kan titi su ne ke tasowa su dame, sai an yi ruwa mai yawa ya wanke su. Funtua mahaɗar manyan hanyoyi ce, ta Zariya da ta Gusau da wadda ta bi Bakori da Malumfashi ta ɓulle Yashe, dare da rana tireloli da tankoki na bi. Inda suke tsayawa, da shataletale, da bakin tasha, nan mai ya fi zuba. In ka ga ruwan kan kwalta na walƙiya da launi kala-kala, mai ne, kada ka taka birki a kansa, kada ka sha kwana a kansa. Haka fentin tsakiyar titi da murfin ƙarfe na magudana. A hanyoyin karkara kuma akwai jar lakar da tarakta da shanun huɗa ke ɗaukowa daga gona su shimfiɗa a kan kwalta, ga kashin shanu a gefe.

Maganar birki na buƙatar a zauna da yaro a yi masa dalla-dalla. Sabon hannu in ya tsorata, hannun dama yake damƙewa, tayar gaba ta tsaya cak, babur ya zame ya kwanta da shi kafin ya ankara. Wasu da suka ji wannan labari sai su daina taɓa birkin gaba sam, su dogara da na baya kaɗai, alhali mafi yawan ƙarfin tsayawa a gaba yake. Abin da ya dace shi ne a saki totur tun daga nesa, a fara taɓa na baya, a biyo da na gaba sannu-sannu, ana ƙara matsawa kaɗan-kaɗan, babur na miƙe. A gama rage gudu kafin a shiga kwana, a cikin kwanar kuma kada a kwantar da babur kamar yadda aka saba da rani. Wasu ƙananan babura birkin bayansu a ƙafa yake, wasu a hannun hagu, don haka wanda ya ari na wani ya tabbatar tun kafin ya tashi. Ya kuma sani cewa birki in ya jiƙe ƙarfinsa raguwa yake yi. Bayan an fita daga ruwa, a ɗan riƙe shi sama-sama ana tafiya a hankali har ya bushe. Ratar da ke tsakaninka da motar gabanka ka ninka ta, ka kuma kunna fitila ko da rana ce, domin direban da gilashinsa ya yi hazo da kyar yake ganin babur.

Lakar da ke ba mu auduga da masara ita ce ke wahalar da mai babur da zarar ya sauka daga kwalta. Wanda ya bi hanyar fadama a watan Agusta ya san yadda take liƙewa tsakanin taya da murfinta, ta yi ta taruwa har tayar gaba ta ƙi juyawa. Sai ka ga mutum ya tsuguna a bakin hanya, wando a naɗe, yana ƙwaƙule ta da kara. Roba-roba ta fi shan wannan wahala, saboda ba ta da nauyi kuma cikinta kusa da ƙasa yake. A irin wannan hanya giya ta ɗaya ko ta biyu ake bi, totur a tsaye ba a fizga, ido na kallon gaba inda ake son zuwa. A bar birkin gaba ya huta. Inda abin ya faskara, a sauka a tura, ba abin kunya ba ne.

Ruwan kwance da ruwan gudu su ne suka fi ba ni tsoro a kan yaranmu. Kududdufin da ke tsakiyar titi ba a san zurfinsa ba, yana iya zama rami mai kaifin baki da zai karya ƙafar babur. A bari wani ya wuce a ga inda ya bi. Rafi kuwa, in an yi ruwa a sama, yakan cika cikin ɗan lokaci ko da a inda kake ba a yi ɗigo ba. Ruwa mai gudu da bai wuce idon sawu da kaɗan ba yana iya kayar da babban mutum, balle in ya kai gwiwa yana tura babur daga gefe. Ƙarƙashinsa kuma wataƙila ya riga ya cinye gefen kwalbati. Na taɓa tsayawa a bakin wata ƙorama tare da wasu manoma muna jiran ruwa ya janye, sai ga wani saurayi da sabon babur, ko ledar kujera bai cire ba, da buhun taki a baya. Wani dattijo ya tare shi, ya ɗauko dogon kara ya soka a tsakiyar mashigin, ya zaro ya nuna masa inda ruwa ya tsaya, ya ce: "Ɗana, taki zai jira ka, ruwan nan kuwa ba ya jiran kowa." Yaron ya kashe babur ya zauna tare da mu. Irin wannan dattijon nake so kowane uba ya zama tun daga gida. In kuma tsautsayi ya sa babur ya mutu a cikin ruwa, kada a yi ta buga shi. A turo shi waje, a cire fulogi, a bar bakanike ya duba ko ruwa ya shiga inji.

Na san abin da ke sa manomi fita a jiƙaƙƙiyar hanya. Taki na son danshi, 'yan ƙwadago na jira a gona, damina ba ta jiran malalaci. Amma buhun taki kilo 50 ne. In aka ɗaure shi can ƙarshen kujera, tayar gaba takan yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa. A matso da kaya gaba, a ɗaure tamau, sabon hannu kuma kada ya haɗa kaya da goyo a cikin santsi. Sutura ma abin lura ce. Babbar riga da dogon hijabi da gefen zane suna shiga sarƙa ko tayar baya, in sun jiƙe kuma sun fi saukowa ƙasa. A tattare su kafin a tashi. Silifas na zamewa a kan birki. Lema a hannu ɗaya da kan babur a ɗayan ganganci ne, rigar ruwa mai wando ita ce ta dace, mai launi mai haske in da hali.

Sai taya. Zanen da ke jikinta shi ke korar ruwa ya bar roba ta kama ƙasa. Tayar da ta suɗe za ta iya kai mutum har ƙarshen rani lafiya, ta yashe shi a ruwan farko. Mun iya shirin damina a gona: a gyara garma, a tanadi iri, a biya kuɗin huɗa. A sa babur cikin wannan lissafi. A watan Mayu a kai shi wurin bakanike a duba taya da birki da sarƙa da fitilar gaba da ta baya, a mayar da madubin da samari ke cirewa don gayu.

Hular kwano ita ce inda muka fi ja da baya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa ta ranar 1 ga Janairun 2009, wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu, daga baya maganar ta bi ruwa. Mu muka yi asara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, ta kuma ce hular kwano mai kyau, in an sa ta daidai, tana rage raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin ɗari. Karayar hannu ko ƙafa ana ɗora ta a asibitin Funtua ko na Malumfashi, in ta yi tsanani a wuce asibitin Dala a Kano. Buguwar kai kuwa sai an kwashi mutum zuwa asibitin Shika ko na Katsina, kuma ba kowa ke kaiwa ba. Masu cewa tana da zafi, da damina wannan uzuri ya faɗi, ga shi gilashinta na tare ruwa daga ido. Masu cewa tana da tsada, su kwatanta da kuɗin babur ɗin kansa, ko da kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti. Sai dai a ɗaure igiyarta a haɓa, don wadda ba a ɗaure ba tun kafin kai ya taɓa ƙasa take tashi.

Akwai masu cewa ai komai ƙaddara ce, in kwana ya ƙare ko a kan gado ne sai a tafi. Gaskiya ne, mun yi imani. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi, kuma rai amana ne, naka da na wanda ka goya da na yaron da ke tsallaka titi.

Hukuma ma da nata. Doka ta ce sai mai shekara 18 zai yi tuƙi, kuma babur na da nasa lasisin, rukunin A. Duk da haka kullum muna ganin yaran da ƙafarsu ba ta kai ƙasa ba suna goye da ƙannensu. Ina kira ga jami'an kiyaye haɗurra da na hukumar KASSAROTA da shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa su riƙa shirya taron faɗakarwa a tashoshi da ranakun kasuwa kafin ruwa ya sauka, da Hausa, da babur a gabansu ana gwadawa. Limamai su taɓo batun a huɗubar Juma'a. Ƙananan hukumomi su kafa alama a mashigai da kwalbatocin da ruwa ke shanyewa. Masu sayar da babur kuma su haɗa da hular kwano a cikin ciniki.

Amma kafin hukuma ta zo, gida ne farko. Ya kai uba, ya kai yaya, ranar da aka yi ruwan farko ka ɗauki yaron ku koma filin da ya koya, ka sa shi ya taka birki a jiƙaƙƙiyar ƙasa a hankali har hannunsa ya gane. Ka duba masa taya, ka saya masa hula da rigar ruwa, ka sa masa lambar gaggawa ta 122 a waya. Sannan ka faɗa masa da bakinka cewa in hadari ya taso ya tsaya inda yake, ba za ka yi masa faɗan makara ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.