Wa Zai Yi Wa 'Ya'yanmu Mata Jagora A Aikin Inshora?

Duk wanda ya san ƙasar Musawa, da Malumfashi har zuwa Funtuwa, ya san dukiyar mutanenta a fili take kwana: auduga a gona, masara da dawa a rumbu, tumaki da awaki a turke. Tartsatsin wuta guda, ko ɗaukewar ruwa ta sati uku a tsakiyar damina, ya isa ya cinye wahalar shekara. Don irin wannan asara aka ƙago inshora, watau mutane da yawa su riƙa zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu guda, wanda tsautsayi ya faɗa wa a biya shi daga ciki.

Abin kuwa ba baƙo ba ne a Arewa. Kamfanin Leadway a Kaduna aka kafa shi a 1970, kana Gwamnatin Tarayya ta fara shirin inshorar manoma a 1987. Duk da haka, a zaga kasuwar Musawa ran da take ci, da wuya a sami mai takardar inshora in ba direban mota ba, shi ma don tsoron 'yan sanda. Da can akan ce ƙyamar riba da caca ce ta hana. To, an sami amsa. Tun 1979 aka kafa kamfanin takaful na farko a Sudan, inda kuɗin da aka zuba gudummawa ce, rarar da ta saura kuma a raba wa masu zubi. Hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idodinsa a nan Nijeriya a 2013, aka ba Jaiz Takaful da Noor Takaful izinin aiki a 2016.

Akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba. Ma'aikacin kamfani in namiji ne, iyakarsa zaure. Alhali kuwa a cikin gida ne ake matsar man gyaɗa, ake kiwon ragon layya, ake sayen hatsi da kaka a ajiye sai bazara. Mai wannan jari ba za ta buɗe wa baƙon namiji asirin asusunta ba, amma za ta buɗe wa 'yar'uwarta mace. Kada kuma wani ya ce mata ba su iya riƙon kuɗin jama'a ba. Uwar adashi fa? Ba ta da ofis, sau da yawa ba ta da ko littafi, amma ta san zubin kowa da ranar kwasar kowa, in wata ta shiga matsi ita ce mai shawo kan sauran a ba ta kwasa kafin ranarta. Rabin aikin inshora ke nan. Sauran rabin, lissafi da doka, a makaranta ake koyonsa.

'Yan'uwanmu na Kudu sun daɗe da gane wannan. Tun 1973 matansu masu aikin inshora suka kafa ƙungiyarsu, PILA, manya suna jan ƙanana. Ga abin da ta haifar: Funmi Babington-Ashaye ta zama shugabar CIIN, cibiyar da ke shirya jarrabawar ma'aikatan inshora, a 2017. A shekarar nan kuma aka naɗa Folashade Joseph shugabar hukumar inshorar manoma, Yetunde Ilori ta hau kujerar CIIN a 2024. Muna taya su murna da zuciya ɗaya. Amma mu tambayi kanmu, ina tamu 'yar Katsinar a cikin wannan jeri?

Ba sai mun yi aron dabara ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba ta bi ƙauyuka da ƙafarta ba. Ta zaɓi dattijai mata ta koyar da su, ta naɗa su jaji, kowace ta koma garinsu ta tara 'yan taru. Yarinyar da ta shiga kamfani a Kano ko Kaduna jaji take bukata: babba wadda za ta nuna mata jarrabawar da za ta ɗauka, ta tsaya mata ran ƙarin girma, ta kuma zama wadda uba zai danƙa wa amana hankalinsa kwance. Tsoron iyaye ba wauta ba ne, kuma lacca ba ta kawar da shi, sai sun ga fuskar wadda za ta riƙe musu 'ya.

Saboda haka muna kira ga kamfanoni, duk mai son buɗe reshe a Funtuwa ya zo da babbar ma'aikaciya mai jin Hausa, ya ɗora mata renon 'yan mata biyu ko uku na ƙasar nan. Ku kuma malamai, ku ne kuka san yarinyar da ta fi kowa lissafi a aji. Ku gaya mata bayan koyarwa da aikin asibiti akwai wannan hanya, ana kuma karanta ta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ba ta da nisa da mu. Akawunan ƙananan hukumomi, in an zo tantance masu neman kuɗin karatu, ku sa wannan darasi cikin waɗanda za a duba.