Fim Ɗin Mortal Kombat: Gwaninta Muke Tafa Wa Ko Jini?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu kallon fina-finan faɗa, wato gardamar fina-finan da aka ɗauko daga wasan gem, musamman wanda ake kira Mortal Kombat. Na san wani zai ce ina ruwan manomi mai ɗan teburi da wannan magana. To ruwana shi ne 'ya'yanmu ne suke cika gidajen kallo da gidajen gem, kuma kuɗin da suke biya a bakin ƙofa daga aljihunmu yake fita.

Ga wanda bai sani ba, shi Mortal Kombat asalinsa wasan na'ura ne. Wani kamfani mai suna Midway ya fitar da shi a birnin Chicago na Amurka a 1992, kuma mutum biyu ne suka ƙirƙiro shi, Ed Boon da John Tobias. Yara biyu za su zauna gaban allo, kowa ya zaɓi ɗan faɗansa, a yi ta gwabzawa har ɗaya ya faɗi. Abu biyu suka sa ya yi suna. Na farko, hoton mutane na gaske 'yan kareti aka ɗauka aka sa cikin na'urar, saboda haka motsinsu kamar na mutum yake. Na biyu kuwa jini. In ka ci abokin karawarka sai a ba ka dama ka ƙarasa shi, ko ka fizge masa kai tare da ƙashin baya, ko ka zaro masa zuciya tana bugawa. Abin ya tayar wa iyaye hankali a can ƙasar har majalisar dattawan Amurka ta yi zama a kansa a watan Disamba na 1993, a ƙarƙashin Sanata Joe Lieberman da Sanata Herb Kohl, kuma a 1994 kamfanonin gem suka kafa hukumar da ke rubuta wa kowane wasa shekarun wanda ya dace ya buga shi. Jama'a ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

A watan Agusta na 1995 aka mai da wasan fim, wani Bature ɗan Ingila mai suna Paul Anderson ya ba da umarni. Tun daga nan masu kallo suka rabu gida biyu, kuma har gobe a rabe suke. Gida na farko su ne 'yan gem. Su abin da suke so shi ne su ga kowane ɗan faɗa da kayansa, da irin dukansa, da irin kisansa, kamar yadda yake a na'ura. Waɗannan suka yi ta ƙorafi wai an wanke fim ɗin, babu jini, babu cire kai, don masu fim sun so a bar matasa su shiga silima. Gida na biyu mu ne da muka tashi da fim ɗin Chanis, muka san Bruce Lee da Jackie Chan da Jet Li tun zamanin kaset. Mu ba ruwanmu da launin riga, hannu da ƙafa muke kallo.

Ni dai ina gida na biyu, kuma ga dalilina.

Jarumin fim ɗin 1995, wanda ya fito a matsayin Liu Kang, sunansa Robin Shou. Haifaffen Hong Kong ne, gwanin wasan faɗan Chanis ne na gaske, kuma ya sha wuya a fina-finan can kafin a kira shi Amurka. Da aka gama fim ɗin aka fara nuna wa wasu mutane kaɗan don a ji bakinsu, sai suka ce ya yi kyau amma faɗan ya yi kaɗan. Ku lura, faɗa suka nema. Sai masu fim suka koma suka ƙara, suka tsawaita karon Johnny Cage da Scorpion, suka kuma ƙaro karon Liu Kang da Reptile, kuma shi Robin Shou ɗin ne ya tsara dukan. A wurin ɗaukar karon Reptile ya samu karaya a haƙarƙari, ya daure aka gama. To yau in ka tambayi duk wanda ya kalli fim ɗin, ko ɗan gem ne ko ɗan Chanis, inda ya fi tunawa, waɗannan karo biyu zai kira maka. Na sha ganin yadda ake yi a gidan kallo in an zo wurin, benci ya ɗauki ihu, har a roƙi mai gida ya dawo da shi baya a sake gani. Babu ɗigon jinin kirki a wurin. Fim ɗin da aka kashe wa kamar dala miliyan 20 ya jawo sama da dala miliyan 120, ya yi mako uku yana kan gaba a silimun Amurka.

Kada 'yan gem su ce na zalunce su, akwai inda suke da gaskiya. Fim ɗin Street Fighter na 1994 shi ne shaidarsu. An ɗauko Van Damme, wanda kowa ya san ƙafarsa, amma sai aka mai da labarin na yaƙin soja, da bindigogi da jirgin ruwa, aka ture Ryu da Ken, waɗanda su ne ƙashin bayan wasan, aka mai da su 'yan damfara. Kuɗi kam fim ɗin ya samu, amma masu wasan ba su yafe ba. Abin da aka fi yabawa a ciki shi ne bos ɗin, Raul Julia, wanda ya yi aikin yana fama da rashin lafiya, ya rasu a watan Oktoba na 1994, wata biyu kafin fim ɗin ya fito. In ka sayar wa mutum buhu ka ce gero ne ya je gida ya tarar da dawa, ko dawar ta fi kyau yana da haƙƙin ya dawo maka da kayanka.

To amma da aka biye musu ɗari bisa ɗari me ya faru? A 1997 aka yi kashi na biyu na Mortal Kombat, mai suna Annihilation. Aka kwaso 'yan faɗan gem rututu aka zuba, wannan ya shigo ya yi minti biyu ya ɓace, wancan ya shigo ba a ma san daga ina yake ba. Aka kashe Johnny Cage tun a farkon fim. Aka canza kusan dukan manyan 'yan wasan in ban da Robin Shou da Talisa Soto. A ƙarshe, inda ake jira a ga mutum biyu sun gwada ƙwanji, sai aka mai da jarumi da bos wasu dodanni na kwamfuta suna ture-ture. Su kansu 'yan gem ɗin suka fi kowa zagin fim ɗin, cinikinsa kuma ya tsaya wajen dala miliyan 51, bai kai rabin na farko ba.

Wanda ya haɗa kan gidajen biyu, a iya ganina, wani saurayi ne haifaffen Landan mai suna Joey Ansah, wanda mahaifinsa mutumin Ghana ne. Shi ɗan faɗa ne kuma ɗan gem ne. A 2014 ya fitar da Street Fighter: Assassin's Fist da kuɗi kaɗan. Ya bar wa Ryu da Ken kayansu da labarinsu, ya ɗauko mutanen da suka iya duka da gaske, ya nuna yadda suke zama gaban malaminsu suna koyo, suna shan wahala kafin hannu ya faɗa. Masu wasan suka yaba masa ƙwarai. Ashe ana iya gamsar da su ba sai an yanka kowa ba.

Sai ga 2021, aka sake Mortal Kombat sabo fil, a Ostireliya aka ɗauka, Simon McQuoid ya ba da umarni. A wannan karo masu neman jini suka samu abin da suka shekara 26 suna kuka a kai. Akwai inda Kung Lao ya kafa hularsa mai kaifi a ƙasa tana juyawa kamar zarton injin katako, ya raba wata mace gida biyu. Aka yi ta tafi. To da tafin ya lafa sai ƙorafi ya taso: wai ina gasar da sunan fim ɗin ya yi alkawari, don har aka tashi ba a shiga gasar ba, wai ina Johnny Cage, wai wane ne wannan Cole Young da aka sa a gaba alhali babu shi a gem. Kukan rashin Johnny Cage ya yi ƙarfi, daga baya aka ɗauki Karl Urban ya fito a matsayinsa a kashi na biyu. Cinikin fim ɗin ya ɗan haura dala miliyan 80, ko da yake a nan ba zan yi masa sharri ba, lokacin annobar korona ne, kuma rana ɗaya aka sake shi a silima da intanet.

Abin da ya fi ba ni haushi da shi daban ne. Sun samu gwanaye. Joe Taslim da ya fito a Sub-Zero ɗan Indonisiya ne, ya shekara da shekaru yana yi wa ƙasarsa wasan judo. Hiroyuki Sanada da ya fito a Scorpion tun yana yaro yake wannan sana'a a Japan. Karonsu na farkon fim kowa ya yarda shi ne ƙololuwa. Amma a sauran wurare sai a riƙa yanka hoto gutsi-gutsi, kafin ka ga inda naushi ya taso an juya kyamara, sai dai ka ga jini ya fantsama. Kamar ka sayi bijimin huɗa mai tsada ne ka ɗaure shi a turke kana noma da fartanya. Mu da muka san filin dambe ai mun san kisa, kuma in an ce wane ya yi kisa, kai abokin karo ƙasa ya yi, a raba su, gobe su gaisa a kasuwa. Gwanintar da ta kai shi ƙasan ita ake biyan kuɗi a gani.

Yanzu in dawo kan abin da na ce a riƙe. A Amurka an sa wa fim ɗin 2021 alamar cewa wanda bai kai shekara 17 ba ba zai shiga silima ba sai da iyayensa ko wani babba. Su da suka yi abinsu ke nan. Mu a nan fa? Fim ɗin yana yawo a wayoyi, mai tura fina-finai a bakin kasuwa zai zuba wa duk wanda ya miƙo kuɗi, mai gidan kallo kuma in ya tayar da janareta ba ya tambayar shekarun kowa, yaro ɗan shekara takwas yana gaban benci. Na taɓa raba wasu yara biyu a bayan teburina, ɗaya ya kayar da ɗaya, sauran sun kewaye su suna cewa ya ƙarasa shi, da irin muryar nan ta cikin gem. Wasa suke yi, na sani. Mu ma mun yi namu, mun sha karya karan dawa muna cewa mu ne Bruce Lee. Sai dai mu tsalle da kaifin hannu muke kwaikwayo, su kuwa abin da ake yi wa wanda ya riga ya faɗi suke kwaikwayo.

Ban ce a hana fim ba, kuma ban ce a rufe wa kowa sana'a ba, don ni ma neman na cefane nake yi, na san zafin ciniki. Roƙona ga masu gidajen kallo shi ne in za a sa irin na 2021, a bari sai dare ya yi bayan an sallami ƙananan yara, a kuma rubuta a allon ƙofa cewa na manya ne, kamar yadda ake rubuta wasan ƙwallo da lokacinsa. Da yamma a sa musu na 1995 ko na Jackie Chan, wallahi benci zai cika. Masu tura fim a waya su ma su riƙa duban wanda ya miƙo musu wayar, in yaro ne su ce ya je ya turo babansa ko yayansa.

 

Naku mai karatu kullum,
Manomi kuma ɗan tireda.