Batirin da zai amfani Kucheri ba na waya ba ne

Duk wanda ya taɓa barin wayarsa a shagon caji a Kucheri, ya karɓi ɗan kati mai lamba ya tafi, ya san rana ba ta yi mana kaɗan ba. Inda za a adana wutar sola ta kai dare shi ne ciwon kan. Batirin lithium sai mai hali, na darma kuma bai daɗewa. Mu a Zamfara mun san darma: a 2010 gubarta, daga dutsen zinare, ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum.

Shi ya sa nake ganin mun cika musu kan mAh, mun bar labarin da ya fi shafar mu: batir mai shaƙar iska. Ana yin sa da tutiya ko ƙarfe, ɗaya ɓangaren kuma oksijin ne na iskar da muke shaƙa. Ƙananan batiran na'urar ƙara ji ta kunne irinsa ne, sai dai ba a caja su.

Cikas ɗin oksijin ne. Yana da nawa, wajen shiga lokacin da batir ke ba da wuta, da wajen fita lokacin caji. Sai an sa sinadarin da zai zaburar da shi. Waɗanda suka fi iya aikin, platinum da iridium, tsada gare su; iridium ɗin da ake haƙowa a duniya bai kai tan 10 a shekara ba, akasari daga Afirka ta Kudu. Masu bincike sun koma kan tsatsar manganis, kobalt, nikel da ƙarfe. Ana mayar da ita ƙwayoyin da ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashi ba, domin a fatar ƙwaya aikin ke gudana, kuma ƙanƙantarta na ƙara yawan fatar. Saura ƙarko, don caji yana cinye su a hankali.

Kada mai talla ya ruɗe ku, wannan batir ba zai shiga Tecno ɗinku kwanan nan ba. Kamfanin Form Energy na Amurka yana ƙera na ƙarfe da iska mai ba da wuta awa 100, don tashoshin lantarki. Shagon caji, rijiyar burtsatse da firijin rigakafi su ne masu buƙatarsa. Ni manhaja nake rubutawa, amma da ina karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Tarayya ta Gusau, a kan tsatsar manganis zan nemi yin aikina na ƙarshe.